Rabon Rana: Yadda Aka Koyi Ƙidaya Ruwan da Tafkin Chadi Ke Rasawa

Duk wanda ya taɓa cin bandar Baga, ko ya sha kunun da aka dama da kanwa ungurnu, ya ɗanɗana albarkar Tafkin Chadi, ko da bai taɓa taka bakinsa ba. Tafkin yana kwance a mahaɗar ƙasashe huɗu, watau Chadi da Kamaru da Nijar da Najeriya, amma yawancin ruwansa ta hannun maƙwabciyarmu Chadi yake zuwa. Kogin Shari, tare da Logon wanda ke haɗuwa da shi a Njamena, shi ne ke kawo wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a ciki. Komadugu Yobe, wadda ke kwaso ruwan Haɗeja da Jama'are, abin da take kaiwa ɗan kaɗan ne ƙwarai.

To, ga abin mamaki. Kowace shekara Shari yana zuba ruwa, ba kuwa kogi ko ɗaya da ke fita daga tafkin zuwa teku. Ina ruwan yake tafiya? Kowane yaro da ya taɓa shanya riga a kan igiya ya san amsar: sama yake tashi. Wani yana tashi daga fuskar ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya zama tururi, wani kuma tsire-tsire ne ke tsotsa ta saiwa su fitar ta ganye kamar gumi. Masana ilmin ruwa sukan haɗa waɗannan hanyoyi biyu su ƙidaya su tare. A nan bari mu kira su rabon rana. Sanin cewa rana tana da rabo ba wuya. Sanin ko nawa ne rabon, wannan shi ne aikin da ya ɗauki mutane shekara wajen ɗari uku.

Wahalar a fili take. Ruwan sama ana tararsa a ma'auni a duba. Kogi ana kafa masa sanda mai lambobi a gaɓa, a karanta safe da yamma. Amma tururi ba a ganinsa, ba a kuma iya kifa ƙwarya a kan tafki mai faɗin ƙasa guda. Saboda haka tun farko sai da dabara, watau a gwada abu ƙarami, a ninka shi da lissafi har ya kai girman babba.

Wanda ya fara nuna hanyar wani Bature ne na Ingila, Edmond Halley, wanda tauraruwa mai wutsiyar nan take ɗauke da sunansa. A 1687 ya zuba ruwa a ɗan kwano, ya sa masa gishiri kamar na teku, ya ɗumama shi da garwashi har ya kai zafin bazarar ƙasarsu, bayan awa biyu ya sāke aza shi a sikeli ya ga abin da ya ragu. Da wannan ya lissafta ruwan da Bahar Rum ke rasawa a yini guda, ya tarar duk kogunan da ke zuba a cikinta ba su mayar mata da fiye da kamar sulusin abin da ke tashi ba. A 1802 kuma John Dalton, shi ma mutumin Ingila, ya bayyana cewa saurin tashin ruwa yana bin abu biyu: yadda iska ta bushe, da yadda take kaɗawa. Matan da ke ajiye randa a inuwa inda iska ke ratsawa sun san wannan tun kafin Dalton, sai dai shi ne ya sa abin cikin lambobi.

Turawa ba su ga Tafkin Chadi da idonsu ba sai a 1823, sa'ad da Denham da Clapperton da Oudney suka ƙetaro hamada zuwa Barno. Wanda ya fara binsa da awo sosai shi ne wani hafsan Faransa, Jean Tilho, da ya shugabanci aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909. Ya iske sashen arewa na tafkin ya ja da baya ƙwarai, alhali matafiyan da suka riga shi sun bar labarin ruwa iyakar ganin ido. Daga bisani, a 1928, ya kasa yanayin tafkin kashi uku: Ƙaramin Chadi, Matsakaicin Chadi da Babban Chadi, sunayen da masana ke amfani da su har wa yau. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama ƙanƙancewar tafkin ba sabon abu ba ce da aka fara gani a zamaninmu. Tilho ya ji tsoron tafkin zai ɓace, amma ya ɗora zarginsa a kan Logon, domin a shekarun ambaliya wani ruwansa yakan malale ta Mayo Kebbi ya faɗa Binuwai. Yana ganin wata rana Binuwai zai sace kogin ɗungum. Hakan bai faru ba.

A zamanin nan abin awon da ake da shi baho ne kawai. Irin na Amurka faɗinsa santimita 121, zurfinsa 25, ana cika shi da ruwa a duba kowace safiya abin da ya ragu. Baho kuwa maƙaryaci ne. Ƙarfensa yana ɗaukar zafi ta gefe, busasshiyar iskar da ta ratso fili tana afka masa da dukan ƙishirwarta, alhali iskar da ke bi ta kan babban tafki ta riga ta sha ruwa tun daga baki kafin ta kai tsakiya. Don haka akan rage abin da baho ya nuna da wajen kashi 30 cikin 100, amma wannan ragin ma kintace ne, yana sākewa daga wuri zuwa wuri. Ban da haka, a ƙasar Sahil in ba a kewaye bahon da waya ba, tsuntsu da akuya za su taya rana sha, a wayi gari a rubuta laifinsu a kanta.

Shekarar 1948 ita ce ta kawo sauyi, domin a cikinta mutum biyu suka fito da ƙa'idar lissafi kowa da tasa. Na farko C. W. Thornthwaite na Amurka. Tasa mai sauƙi ce, ba ta bukatar kome sai matsakaicin zafin wata da tsawon yini. Shi ya sa aka so ta a ƙasashen da ba su da kayan awo da yawa. Amma a ƙasa mai laima ya gina ta, ba ta kuwa san hunturu ba. A watan Janairu a bakin tafki mutum yana rawar ɗari da safe, ƙa'idar Thornthwaite za ta ce ruwa kaɗan ke tashi tun da yake akwai sanyi. Leɓen mutum da diddigensa da suka tsattsage sun fi ta sanin gaskiya.

Na biyu shi ne Howard Penman, ma'aikaci a gidan binciken noma na Rothamsted a Ingila. Ya yi gwajinsa da tankuna da aka binne a ƙasa, waɗansu da ruwa zalla, waɗansu da ƙasa tsirara, waɗansu da ciyawa. Tunaninsa ya tsaya a kan cewa ruwa ba ya tashi kyauta. Kafin lita guda ta zama tururi tana cin zafi fiye da ninki biyar na wanda za a bukata a kai ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan ne dalilin da gumi ke sanyaya jiki, randa kuma ke sanyaya ruwa. Tun da yake daga rana zafin ke zuwa, in an san yawan hasken da ya sauka a fili an san iyakar kuɗin da ke aljihun mai saye. Penman ya haɗa wannan lissafin zafi da na Dalton a kan bushewar iska da gudunta, ya fitar da ƙa'ida guda wadda ke neman abu huɗu kawai: awowin hasken rana, zafin iska, laimarta, da saurinta. Dukansu abubuwa ne da ƙaramar tashar duban yanayi ke iya rubutawa. Daga nan ya yiwu mutum ya zauna da takarda ya faɗi rabon rana a tafkin da bai taɓa gani ba.

A Chadi aikin ya faɗa hannun ma'aikatar bincike ta Faransa mai suna ORSTOM, wadda tun 1998 ake kira IRD. An riga an fara rubuta tsayin Shari a Fort-Lamy, watau Njamena ta yanzu, tun shekarun 1930. A shekarun 1950 aka kafa sandar awo a garin Bol a gaɓar tafkin, a 1957 kuma Bouchardeau da Lefèvre suka buga littafin farko da ya tattara lissafin ruwansa. Charles Riou ya ɗauki shekaru yana gwada bahuna da ƙa'idodi a Chadi da ƙasashen kudu da ita, ya buga sakamakonsa a 1975. Suna da hanya biyu ta bincike. Ɗaya ita ce ta ragowa: a haɗa abin da koguna suka kawo da ruwan sama, a cire abin da tsayin tafkin ya ƙaru ko ya ragu, abin da ya ɓace shi ne asara. Ɗayar ita ce ta Penman. Hanyoyin biyu sun sauka kusa da juna, cewa rana tana ɗauke zurfin mita 2 da ɗan ɗoriya daga fuskar tafkin kowace shekara, alhali ruwan saman da ke sauka a kansa bai wuce wajen milimita 300 ba.

Bari mu yi lissafin tare, gama a cikinsa duk labarin yake. A shekarun 1950 da 1960 faɗin tafkin yakan kai murabba'in kilomita 20,000, har ya taɓa kusan 25,000 a 1963. Kowane murabba'in kilomita yana rasa kubik mita miliyan 2.2 a shekara. A ninka da 20,000, ya zama biliyan 44. Shari a lokacin yana kawo wajen biliyan 40, ruwan sama ya ƙara wajen biliyan 6, ƙananan koguna su cika da ɗan abin da suka samu. Watau abin da ya shiga da abin da ya fita sun yi kusan daidai. Ba kuwa sa'a ce ta sa haka ba. Rabon rana a kan kowane taki na ruwa ba ya sākewa sosai daga shekara zuwa shekara. In Shari ya kawo da yawa, tafkin yakan bazu har faɗinsa ya isa rana ta kwashe rarar. In ya kawo kaɗan, yakan tsuke har asarar ta yi daidai da samu. Faɗin tafkin sikeli ne da ke auna damina ta can kudu, a kudancin Chadi da Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa, inda kogunan suka samo tushe. Tun da yake zurfinsa a yawancin wurare bai wuce mita 3 zuwa 4 ba ko a kwanakin cikarsa, ba shi da rumbun da zai ɗauke shi fiye da shekara biyu ta fari.

Ɗan ragowar da ya saura a lissafin, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, shi ne ya warware wata tsohuwar tambaya. Tafkin da ba shi da mafita ya kamata ya zama ruwan gishiri, domin tururi yakan tashi ya bar gishirinsa a baya. Amma ruwan Chadi ana shansa. Binciken Roche da Carmouze, su ma na ORSTOM, ya nuna cewa wani ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashin yashin gaɓar arewa da gabas, ɗauke da gishiri, ya ɓullo a kwaruruka tsakanin tuddan Kanem, inda rana ke ƙafe shi. Abin da ya daskare a can shi ne kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa kasuwanninmu.

Sai fari ya zo. A 1972 da 1973 Shari ya gaza, wani tudun ƙasa da ke ƙarƙashin ruwa tsakanin Baga Kawa da Baga Sola ya fito fili ya raba tafkin biyu. Sashen kudu, inda Shari ke zuba, ya ci gaba da samun ruwa. Na arewa kuwa, wanda Nijar da wani yanki na Barno ke dogara da shi, ya ƙafe a 1975. A 1984 abin da Shari ya kawo bai kai biliyan 10 ba, ruwan da ake gani a fili ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Mutanen N'gigmi da suka saba ɗaure kwalekwale a bakin gari sai suka ga ruwa ya yi musu nisan tafiyar yini.

A nan ne aka ga tsadar kuskuren lissafi. Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗun suka kafa a Fort-Lamy a 1964, an haife ta ne cikin shekarun yalwa, manyan ayyukan noman rani ma a kan lambobin waɗannan shekaru aka zana su. A Barno aka shirya shayar da fiye da hekta 60,000 na alkama da shinkafa a yankin Marte, ta wata doguwar hanyar ruwa daga tafkin. An buɗe aikin a 1979, cikin 'yan shekaru ruwan ya janye ya bar bakin hanyar a busasshiyar ƙasa. A ganina ba ƙa'idar Penman ce ta yaudari kowa ba. Ta faɗi gaskiya a kan abin da ke fita. Waɗanda suka yi shirin ne suka ɗauki damina ta shekara goma sha biyar a matsayin al'ada ta har abada, alhali rubutun Tilho yana ajiye a kan kanta.

Fari ya kuma sāke wa masu lissafi tambayar. Inda dā ruwa ne zalla, yanzu ciyayi da gora da itatuwan fadama sun rufe. Shin fadama mai ciyawa ta fi ruwa tsirara asara, ko ta gaza shi? Ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake buɗewa da rufewa, ba kamar baho ba. A 1965 John Monteith, wanda ya yi aiki tare da Penman a Rothamsted, ya ƙara wannan a cikin ƙa'idar, aka sami wadda ake kira Penman-Monteith. A 1998 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ɗauke ta a matsayin ma'aunin kowa, bisa misalin ciyawa mai tsayin santimita 12 wadda ba ta rasa ruwa, sa'an nan a ninka da wani adadi gwargwadon irin shukar. Tambayar fadama ba wasa ba ce. A Sudan ta Kudu, fadamar Sudd tana cinye wajen rabin ruwan Farin Nilu, saboda wannan lissafin ne aka fara haƙa hanyar ruwa ta Jonglei a 1978 don a kewaye ta. An haƙa kilomita 240 daga cikin 360 kafin yaƙin basasa ya tsayar da aikin. Abin da injiniya ya rubuta a matsayin asara, shi ne makiyayar Dinka da Nuwer.

Nijar ma ta ba da nata taimako. A daminar 1992 masana daga Turai da Amurka suka taru kusa da Yamai a wani babban gwaji mai suna HAPEX-Sahel, suna auna tururin da ke tashi daga gonar gero da saura da daji, daga ƙasa da jirgin sama da tauraron ɗan adam a lokaci guda. Irin wannan awo ne ya taimaka aka gina hanyoyin lissafi kamar SEBAL, wadda Wim Bastiaanssen na Holan ya buga a 1998. Dabarar ita ce ta randa: wurin da ruwa ke tashi ya fi kewayensa sanyi da rana, tauraro kuwa yana iya ganin zafin ƙasa.

Daga nan aka shiga zamanin kwaikwayon tafki cikin kwamfuta. A 2001 Michael Coe da Jonathan Foley na jami'ar Wisconsin suka buga lissafin da ya zaga duniya. Sun ce tsakanin 1983 da 1994 ɗiban ruwa don noman rani ya jawo wajen rabin raguwar tafkin. Tare da hotunan da hukumar NASA ta fitar, maganar ta zauna a bakin shugabanni da 'yan jarida cewa tafkin ya rasa kashi 90 ko fiye, yana kuma gab da mutuwa. Masanan IRD, irin su Jacques Lemoalle, sun ja da wannan. Sun nuna cewa ruwan da ake ɗiba a zahiri bai kai adadin da aka ɗora wa kwamfutar ba, fari ne babban dalili. Ba wai madatsun ruwa ba su da laifi sam. Ta Maga a Kamaru, wadda aka gina a 1979, ta busar da fadamar Waza-Logon har sai da aka sāke buɗe mata ruwa a 1994, Tiga da Challawa kuma sun rage abin da ke gangarawa Yobe. Amma dukansu ƙanana ne in an gwada da biliyan 20 da ɗoriya da Shari ya daina kawowa. Kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba.

Hotunan ma sun yi ƙarya irin tasu, gama ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa ba ya fitowa shuɗi. Sa'ad da Marc Leblanc da abokan aikinsa suka duba tafkin ta hanyar zafi, a binciken da suka buga a 2011, sai suka tarar a shekarun ruwa mai kyau filin da ke jiƙe yana wuce murabba'in kilomita 10,000. Wani bincike na 2020 ya ƙara nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina raguwa, sashen kudu ya tsaya, na arewa yana cika yana ƙafewa gwargwadon damina. A 2022 da 2024 ambaliyar Shari ce ta kori mutane daga gidajensu a Njamena. Sai dai rikicin Boko Haram ya sa zuwa tsibiran tafkin da kayan awo ya zama kasada, ga shi kuwa lissafin tauraro yana bukatar awon ƙasa da za a gwada shi da shi.

Maganar da ta rage a kan tebur ita ce ta jawo ruwa daga kogunan Kwango. Wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ne ya zana shirin da ake kira Transaqua, hanyar ruwa mai tsawon kilomita wajen 2,400, taron da aka yi a Abuja a 2018 kuma ya goyi bayansa. Lissafin da muka yi a sama ya isa ya nuna nauyin abin. Kowane murabba'in kilomita da aka ƙara wa tafkin zai nemi kusan kubik mita miliyan 2 kowace shekara, ba sau ɗaya ba, muddin ana so ya zauna. A kan ƙasar da ake so a sāke rufewa da ruwa kuwa akwai garuruwan da aka kafa bayan 1975. Kanuri da Shuwa da Buduma da Hausawa masu yawa suna bin ruwan yayin da yake janyewa bayan hunturu, su shuka masara da wake a danshin da ya bari, su girbe kafin damina ta sauka, makiyaya kuma su biyo baya da shanu.